Jirgin Teku a Ƙofar Gidan Yayana

Shekarar da sharon ta cinye tumatir tun daga Kadawa har Bunkure, a shekarar ne yayana ya ce shi da noma har abada. Sharon wata 'yar tsutsa ce mai shiga cikin ganye. Ka bar gona kore shar ranar Juma'a, ka dawo ranar Litinin ka tarar kamar an bi ta da wuta. Kowa ya ji jiki a ranin nan, amma da damina ta faɗi kowa ya share hawayensa ya koma dashen shinkafa. Yayana ne kaɗai ya ce shi idonsa ya buɗe. Wai kifi zai koma kamawa a dam ɗin Tiga, inda ruwan kanal ɗinmu yake fitowa.

Na yi dariya har sai da na ajiye sifanar da ke hannuna. Mutumin da iyakar saninsa da ruwa shi ne wanda yake tsaya masa a idon sawu cikin kwamin shinkafa, mutumin da bai taɓa kama ko ƙarfasa ɗaya ba sai wadda aka soya aka barbaɗa wa yaji, shi ne zai zama masunci da shekara hamsin da ɗoriya a kansa. Wani direban babbar mota ne ya hure masa kunne, irin masu kai kwandunan tumatir Legas su dawo da baki cike da labari. Ya ce masa masuntan Tiga duk da filafili suke fama a gefe-gefe, manyan kifayen suna can tsakiya babu mai isa wurinsu, duk wanda ya sa jirgi mai inji ya yi sallama da talauci. Yayana ya haɗiye zancen nan ko taunawa bai yi ba.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu. Da aka raba gado, shi ya ɗauki gona, eka biyu a ƙarshen kanal, ni na ɗauki shagon bakin kasuwa inda nake gyaran injin ban ruwa. Shekara ashirin ina wannan aiki. Injiniya ake ce mini, kuma ban taɓa hana kowa faɗa ba. In inji ya yi tari daga nesa zan gaya maka fulogi ne ko kafireta ko ringi. Manomi a wajenmu ba ya sayen inji sai ya tafi da ni, an dire shi a ƙasa, an ja igiya, na kara kunne na saurara. Abin da na ce shi ke nan, ba a ƙara wata magana. Wannan suna shi ne jarina, in ka cire shi ba ni da komai sai sifana da tsumman goge hannu.

Ranar da na ji ya sa gonar a kasuwa, na rufe shago na same shi a zaurensa.

"Yaya, gonar Baba za ka sayar?"

"Gonata dai. Ai an raba."

"To ka ji ni da kyau. A garin nan wanda ya sayar da gonarsa abu ɗaya ne ya rage masa. In jirgin nan bai yi ba ƙodago za ka koma, kuma wallahi a gonar nan za ka yi shi, sa'o'in 'ya'yanka suna aikenka."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi," in ji shi. Sannan ya ce, "Ni dai abu ɗaya nake nema a wurinka. Jirgi ni zan zaɓa da idona. Inji kuwa na bar maka, don ban san wanda ya fi ka ba."

Maganar nan ta ƙarshe ce ta kashe mini jiki. Ina son yabo, ba zan ɓoye ba. Na shiga zauren da niyyar in hana shi, na fito ina tunanin wace riga zan sa in tafi Legas. Wani Alhaji mai injin casar shinkafa ya saye gonar cikin mako ɗaya, dama ya daɗe yana laɓe yana jira.

Da sanyi ya shigo, tumatir ɗin waɗanda suka daure ya nuna, muka bi direban nan a gaban motarsa. Kwana biyu muna tafe yana zuba mana ilimin kifi, shi da ko ƙugiya bai taɓa ɗaurawa ba. Bayan ya sauke kaya ya kai mu wani fili a bakin ruwa, inda wani dattijo mutumin Yawuri, wanda ya fi shekara talatin a can, yake sayar da jirage da injina na hannu. Ban taɓa ganin ruwa mai yawan nan ba, amma na daure fuska don kada a ce baƙauye ya zo.

Jiragen suna jere a kan tsofaffin tayoyi. Akwai na katako masu shimfiɗaɗɗen ciki, baƙaƙe da kwalta. Akwai ƙanana na faiba, wato roba mai tauri. Can ƙarshe kuma ga wani fari sol, dogo, da kujera mai katifa da ƙarfe mai sheƙi a gefensa, cikinsa ya tsuke ta ƙasa kamar bakin gatari. Tun kafin a gama gaisawa yayana ya riga ya isa wurinsa yana shafawa.

"Wane ruwa za ku sa shi?" in ji dattijon.

"Dam ne, Baba. Babba ƙwarai," in ji yayana.

"Dam komai girmansa kwance yake. Gefensa laka ce da kututture. Ku ɗauki mai shimfiɗaɗɗen ciki, ku sa masa inji mai ƙarfin doki sha biyar, ya ishe ku. Ba shi shan mai, kuma ran da inji ya ƙi, filafili ya kai ku gida. Wancan fari don teku aka yi shi, don ya sari raƙuman ruwa. Zurfi yake so, ga nauyi, ba a tuƙa shi da hannu. Kuma da mi za ku kai shi bakin ruwa? Na katako mutum shida sun ɗauka. Wannan sai tirela da mota mai ƙarfi."

Gaskiya tsagwaronta mutumin nan ya faɗa, kuma asara ya so ja wa kansa, don farin ya fi tsada nesa ba kusa ba. Amma na kalli idon yayana na san ba kifi yake gani ba, ranar shiga gari yake gani, da mutanen da za su fito ƙofar gida. Ya ce shi bai sayar da eka biyu don ya koma gida da akwatin katako ba. Na yi tsaki a zuciyata. Na ce wannan bawan Allah kallon kitse yake wa rogo, amma ba ruwana, nawa inji ne.

Aka zo kan nawa. Jirgi mai nauyin nan doki sha biyar ba zai motsa shi ba, don haka aka fito da mai arba'in. Na cire masa hula, na duba fulogi na ga tas, na ja igiya a hankali na ji ƙarfin da yake turo hannuna, na san fistin lafiya lau. Na ce a tayar in ji. Sai na ga an ɗaura shi a bakin wani duro cike da ruwa, an nutsa ƙafarsa da farfelar a ciki, sannan aka ja. Ya tashi, amma muryarsa a shaƙe, ruwa yana ta ɓulɓula.

"A fito da shi daga ruwan," na ce. "A tudu nake jin inji."

"Malam, wannan ba injin ban ruwa ba ne," in ji dattijon. "Ta ƙasa yake shan ruwa ya sanyaya kansa. In ka tashe shi a busasshe ka kashe shi."

Na yi murmushi irin na wanda ya gano dabara. Shekara ashirin ina fama da dillalan inji. Na ga mai zuba baƙin mai mai kauri don ya rufe ƙarar ƙarfe, na ga mai ɗumama inji kafin mai saye ya iso don ya tashi bugu ɗaya. Na ce to, na bakin teku kuma da ruwa suke ɓoye muryar kayansu. Injin ban ruwa iska ke sanyaya shi, babur iska, janareto iska, kuma duk a ƙasa muke gwada su. Ban yi musu da shi ba don na riga na gamsu da kayan. Muka saya. Ya nuna mana tirelar jirgin, mai ƙananan tayoyi da abin naɗe igiya, amma aljihun yayana ya riga ya yi sauƙi, ni kuma na ce mai waldan garinmu zai haɗa mana wadda ta fi ta. Da muka hau hanya, jirgi yana ɗaure a kan kwanduna marasa komai, na ce wa yayana, "Tsohon nan ya ɗauka ƙauyawa ya samu. Inji ai inji ne."

Shigarmu gari ta yi yadda yayana ya so, har ta wuce. Sai da aka tara ƙarti ashirin kafin a sauke jirgin a ƙofar gida a dire a kan buhunan ƙaiƙayi. Mai walda ya ce tirela sai an ba shi mako uku, don sai ya nemo ƙafafun wata matacciyar mota. Mako ukun nan ƙofar gidan yayana ta zama kasuwa.

Ban san garinmu cike yake da masana jirgin ruwa ba sai a lokacin. Mutanen da ba su taɓa tsallake abin da ya fi kanal faɗi ba, kowa da fatawarsa. Wannan ya ce fari yana korar kifi, a shafa masa shuɗi. Wancan ya ƙwanƙwasa cikinsa da ɗan yatsa kamar mai sayen kankana, ya gyaɗa kai ya ce mai kyau ne. Wani malamin firamare ya zo da waya yana nuna hoton wani jirgi daban, yana ta turanci. Har wani ya tambaya ko za a riƙa ɗaukar fasinja a kanal zuwa Bunkure ranar kasuwa. Yayana yana zaune a kan kujerar mai katifa yana amsa gaisuwa, an fara ce masa Kyaftin, shi kuma yana washe baki.

Amma duk wanda ya zo, maganarsa ta ƙarshe ɗaya ce: "To Injiniya, a tayar mana mu ji." Haka muke. A wajenmu inji ba a yarda da shi da ido, sai da kunne. In mutum ya sayo sabon injin ban ruwa, ko ba ranar ban ruwa ba ce sai ya tashe shi a ƙofar gida maƙwabta sun ji sun sa albarka. Wanda ya ƙi tayarwa, a ce ruɓaɓɓe ya sayo.

Ni kuwa na tayar. Kullum bayan la'asar sai in rufe shago in taho, in naɗe hannun riga, in ɗan tsaya ina goge abin da ba ya buƙatar gogewa har jama'a su taru. Sannan in ja igiya. A tudu muryarsa ba a magana, har cikin ƙirjinka kake jin ta. Tsofaffi su ja da baya suna salati, farfela tana juyawa a iska, ni kuma in ɗan murɗa masa wuta in saki. Ba na barinsa ya daɗe, minti ɗaya ko ƙasa da haka, don mai yana da tsada. Tun rana ta biyu na fara jin wani wari kamar na robar da ta taɓa wuta. Na ce gishirin teku ne yake ƙonewa, kuma da na faɗa kowa ya gyaɗa kai, don Injiniya ne ya faɗa.

Sau ɗaya tak yayana ya yi magana. Bayan mutane sun watse ya matso kusa ya rage murya.

"Anya tsohon can bai ce kada a tashe shi a tudu ba?"

"Yaya, kai ne injiniya ko ni?"

"Kai ne."

"To ka tsaya a kan kujerarka."

Bai ƙara tayar da zancen ba.

Tirela ta fito, abin kunya da ita. Mai walda ya sa ƙafafun sun yi gaba da yawa, nauyin inji ya rinjaya baya, da aka ɗora jirgin sai bakin tirelar ya ɗaga sama. Muka cika gaban jirgin da buhunan yashi kafin ya sauko. Surukin yayana ya ba mu aron a-kori-kurarsa, aka yi mata waldar wata ƙugiya a baya. A kan birjin gefen kanal, da mun ɗan taka sai jirgin ya fara lilo, ya ja gindin motar dama ya ja ta hagu. A wani kwalbati taya ɗaya ta rataya a iska sai da muka sauka muka tallabe. Tafiyar da babur yake yi cikin awa ɗaya, mun fita bayan asuba ba mu ga ruwan Tiga ba sai da rana ta take tsaka. Duk hanya ina zagin mai walda, ina cewa wasu mutane ba su san iyakar saninsu ba.

A bakin dam ba a shiga ruwa sai an gai da sarkin ruwa. Wani tsoho ne siriri, yana zaune a inuwa yana ɗinkin kalli, wato ragar da suke shimfiɗawa kifi ya sarƙe. Yayana ya ajiye masa goro ya faɗi abin da ke tafe da mu. Tsohon ya tashi ya zagaya jirgin sau ɗaya, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashinsa.

"Wannan ai teku ya baro," in ji shi. "Allah ya sa ruwanmu ya karɓe shi. Ina filafilinku?"

"Baba, mai doki arba'in me zai yi da filafili?" na ce.

Ya dube ni, ya koma kan ɗinkinsa. Na raina shi a ranar. Na ga tsoho da yagaggiyar riga da kwale-kwalen da aka toshe da tsumma, na ce hassada ce take cinsa.

Babu wurin gangara mota a bakin ruwan nan, laka ce kawai. Tayoyin tirela suka nutse tun ba mu kai ba. Masunta wajen goma sha biyu suka tuɓe riga suka turo jirgin da kafaɗa, suna dariyar da ba su ɓoye ba, har ruwa ya kai musu ƙirji kafin cikinsa ya bar ƙasa. Muka hau mu biyu. Na sauke ƙafar inji cikin ruwa, na ja igiya, ya tashi bugu ɗaya. Na waiwaya don in ga fuskar masu dariya. Sai na hangi tsohon ya taso yana nuna bayan injin, yana ɗaga hannu biyu, bakinsa yana motsi. Ƙara ba ta bar ni na ji ba, kuma ko da na ji ban tsammanin zan tsaya. Na murɗa wuta.

Zan faɗi gaskiya, mintunan nan sun yi daɗi. Gaban jirgin ya ɗaga, iska ta cika mana riga, gaɓa ta yi ta ja da baya. Yayana ya cire hula ya riƙe a hannu yana dariya kamar yaro, yana kiran sunan Allah. Tun rasuwar mahaifinmu ban ga haƙoransa haka ba. Har na fara cewa a raina wataƙila mahaukacin nan yana da gaskiya.

Kunnena ne ya fara ji. Muryar injin ta bushe, ta koma wani kaifi-kaifi. Na ɗora hannu a kan hularsa na janye da sauri, don zafin ya wuce na inji mai lafiya. Kafin in rage wuta ya yi wata ƙara gajeriya ya tsaya cak. Na kama igiya na ja, ta ƙi motsi ko kaɗan. Na sa ƙafa na ja da hannu biyu. Na san abin da wannan yake nufi, na sha gaya wa manoma shi a shago ina girgiza kai. Inji ya buga.

Ruwa ta ko'ina, rana a tsakiyar ka, daga ni har yayana babu wanda ya iya iyo. Babu filafili, babu ko sanda. Tsoro ya kama ni sosai. Yayana ya mai da hularsa ya zauna, ya ce, "Fulogi ne?" Na ce masa a'a.

Kwale-kwale biyu ne suka zo, irin waɗanda na raina. Suka ɗaura mana igiya suka yi ta tuƙi da hannu, gumi yana zuba, jirginmu fari yana biye da su kamar saniyar da za a kai mahauta. Sun fi awa guda kafin mu taɓa laka.

Tsohon bai yi mana dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya sa aka kwantar da injin a kan tabarma, ya karɓi sifanata, tawa ta kaina, ya kwance notuna ya zare ƙafar. Ya buɗe wani ɗan gida a ciki ya zazzage a tafin hannunsa. Baƙin gari ne da gutsattsarin roba.

"Nan akwai wata 'yar roba mai fukafukai," in ji shi. "Ita ke tura ruwa sama ya sanyaya inji, ya fito ta baya siriri. Mu fitsari muke ce masa. Tun da kuka tayar na ga ba ya fitsari, shi ya sa nake ɗaga muku hannu. Ruwa ne man shafawarta, in ta juya a bushe ko minti ɗaya ta tafi. Kuma wannan ba yau ta ƙone ba." Ya ɗago ya dube mu. "Wa ya riƙa tayar da shi a tudu?"

Masunta sun kewaye mu. Na buɗe baki, ban san abin da zai fito ba.

"Ni ne, Baba," in ji yayana. "Rashin sani ne."

Tsohon ya dubi hannun yayana mai kantar fartanya, ya dubi nawa mai baƙin mai a ƙarƙashin farce. Ya kakkaɓe tafinsa ya ce Allah ya mayar da alheri.

Sai da muka kusa Bunkure a hanyar komawa yayana ya yi magana, idonsa yana kan titi.

"In mun shiga gari kada ka ce komai. Kana da iyali, kuma da sunanka kake ci. In aka ji abin nan ko injin markaɗe ba mai ƙara kawo maka. Ni nawa ya riga ya tafi, kada a yi biyu babu."

Da ni namiji ne da na ce a'a. Na ce, "To, Yaya."

Labarin da ya ba gari shi ne wai tun a Legas na hana shi injin nan, na ce ruɓaɓɓe ne, shi ya nace don ya ga yana sheƙi. Mutane suka karɓa hannu bibbiyu, don ya dace da abin da suke son ji. Masanan nan na ƙofar gida kowa ya ce dama shi tun ranar farko ya ji wani abu a muryar injin. Babu ko ɗaya da ya haɗa ƙarar da suka yi mako uku suna tafa wa da abin da ya faru. Sunana ma ƙaruwa ya yi. Aka riƙa cewa wanda bai ji maganar Injiniya ba ga irinta nan.

Na buɗe injin a shago bayan na saki labule. Fistin ya manne, gidansa ya tsage. Na zaga Kano kwana uku, babu mai kayansa. Aika shi Legas kuwa ya fi ƙarfin abin da ya rage wa yayana, ya fi ƙarfin nawa. Jirgin ba ya tafiya da hannu, masunta suka ce ko kyauta ba sa so. Yana nan har yau a ƙofar gida. Matar yayana ta gano ba ya yoyo, a ciki take jiƙa shinkafar mutane kafin a turara, ana ba ta ɗan abin cefane.

Da rani ya zagayo, ruwa ya yi ƙasa a ƙarshen kanal, aka aiko kirana wata gona wai injinsu ya ƙi ja. Tun daga kwatancen na gane wace gona ce. Na so in ƙi zuwa, amma Alhajin babban mai kawo mini aiki ne. Na hau babur na tafi.

'Yan ƙodago bakwai ne a ciki suna gyaran kwami. Na shida a layin yayana ne, wando a naɗe, laka har gwiwa. Mai kula da gonar wani saurayi ne da Alhaji ya ɗauko daga birni, da tabarau da waya a hannu.

"Kai Kyaftin," ya ƙwala masa kira, "zo ka riƙe wa Injiniya tiyo."

Yayana ya ajiye fartanya ya taho. Ya gaishe ni kamar yadda kowane ɗan ƙodago yake gaishe ni, ya durƙusa ya kama bakin tiyon ya danna cikin ruwa. Na sunkuyar da kai ina kwance fulogi. Saurayin ya tsaya a kanmu, yana son hira.

"Ashe ƙanenka ne? To Baba, ai da ka ji maganarsa da yanzu kai ke ba da umarni a nan. Allah ya ba ka masani a gida ka tsallake."

Sauran suka yi dariya. Wuri ya buɗe mini sarai, kalma huɗu kawai ake nema: ni na ƙona injin. Na ɗago na dubi yayana. Ya girgiza mini kai kaɗan, yadda ba wanda zai lura.

"Ƙaddara ce, ɗana," ya ce wa saurayin. Sannan ya juyo gare ni. "Injiniya, yi sauri, rana tana yi. Sai mun gama layin nan za a sallame mu."

Na goge fulogin, na mayar, na ja igiya. Ruwa ya taho. Yayana ya saki tiyon ya ɗauki fartanyarsa, ya duƙa yana buɗe wa ruwa hanya kwami bayan kwami, bai ko duba inda yake sara ba, don tun yana ɗan shekara bakwai ya san gangaren kowace kusurwa ta gonar nan. Na tattara kayana na bi ta ɗaya gefen.

Na raina direba, na raina dattijon Legas, na raina mai walda da sarkin ruwa da duk mutanen garinmu, kuma yayana na fi rainawa. Shekara huɗu ke nan yana ƙodago. Ban faɗa a masallaci ba, ban faɗa a shago ba, ko matata ba ta sani ba. Wannan ne karo na farko da na faɗa, kuma na zaɓi in faɗa a takarda da rubutun boko, don na san daga yayana har waɗanda suke masa dariya a gona babu mai karantawa.